Sheƙi a Bangon Auta

Shekara ashirin da shida Yaya ya yi yana zana fuskokin mutane. Shagonsa yana kan titin masu kayan gini, tsakanin mai yankan gilashi da mai ɗinkin kujeru, kuma duk wanda ya leƙa sai ya ga idanu sun yi masa caa daga bango: ango da amarya, tsohon direban jirgin ƙasa da hularsa, wata malamar asibiti da 'ya'yanta suka kawo ɗan hotonta da ya koɗe aka mayar da shi babba. Hannunsa ba ya ƙarya. In mutum yana da tabo a haɓa sai ya fito, in yana da wushirya sai ta fito. Idan aikin zane ya ja baya, sai ya ɗauki tsani da rola ya tafi fentin gidaje, sana'ar da ya gada wurin mahaifinsu, kuma ko a nan ba a taɓa kiransa ya dawo ya gyara ba. Kowa Yaya yake ce masa, har waɗanda suka girme shi, domin haka ƙaninsa yake ƙwala masa kira tun daga bakin titi, sunan ya bi shi.

Ƙanin nan shi ne Auta, shekara goma sha ɗaya tsakaninsu. Yaya ne ya fara koya masa riƙon fensir, kuma shi ne ya fara haƙura. Auta in ya zana kaza sai an tambaye shi ko tukunya ce. Aka kai shi koyon aikin wuta, ya iya sosai, sai dai a kira shi sa ƙwan fitila a falo a tarar da shi yana kunnawa yana kashewa, ya zuba wa bango ido kamar mai jiran bangon ya yi magana.

Da ya girma sai ya haɗu da wasu mutum huɗu masu irin ciwonsa, suka sa wa kansu suna 'Yan Haske. Ba sa zane, ba sa sassaƙa. Ɗaki suke samu su kwashe komai, su toshe taga ko su buɗe wata a rufi, su ɓoye fitilu a bayan allo, sannan su ce mutum ya cire takalmi ya shiga ya tsaya. Auta ya taɓa yi wa Yaya bayani a shago, yana ta wurga hannu har ya kusa kifar da gwangwanin burushi.

"Yaya, kai kana ba mutum abin da zai kalla. Mu so muke mutum ya kama idonsa yana kallo. Ya gane cewa shuɗin nan da yake gani, rabi a bango yake, rabi a cikin kansa."

Yaya ya ce, "To in rabi a kansa yake, ya zauna a gida mana ya ga rabin nasa, ya huta da cire takalmi."

Mai gilashi da ke jingine a bakin ƙofa ya yi dariya har da tari. Auta ma ya yi dariya, don shi ba ya riƙe magana. A lokacin abin wasa ne. Yaya yana son ƙaninsa, irin son da ake yi wa wanda aka tabbata ba zai taɓa wuce ka ba.

Mahaifiyarsu, Inna, a gidan Yaya take tun rasuwar mijinta. Idonta ya daɗe yana dushewa. Likita ya ce ba yanar ido ba ce balle a cire, can ciki ne ya gaji: tana ganin haske, tana ganin launi in ya yi yawa, amma fuska da rubutu sun zame mata hazo. Yaya ne ke kai ta asibiti, shi ne ke ɗiga mata magani safe da yamma, shi ne ya kafa mata ƙarfen dafawa daga ɗaki zuwa banɗaki. Auta kuwa sai ya yi mako biyu bai zo ba, ranar da ya faɗo da hayaniyarsa sai ka ji muryar Inna ta koma ta budurwa.

Ganin idon yana tafiya, Yaya ya ƙudura zai zana mata mahaifinsu kafin ya ƙarasa. Hoton marigayin ɗaya ne tak, ɗan ƙarami na katin aiki, sauran sai daga ƙwaƙwalwa. Wata huɗu ya yi a kai. Ya fitar da ɗigon farin fenti da ba ya rabuwa da girar tsohon, ya fitar da yadda yake karkata kai in zai yi tsiya. Matar Yaya da ta gani sai da ta dafe ƙirji ta ce, "Baban yara, wannan ai sai mutum ya gaishe shi."

Ya kai wa Inna da hantsi, ya jingina shi inda rana ke faɗowa. Ta matso har hancinta ya kusa taɓawa, ta ja baya, ta karkata kai. Sannan ta shafa gefen da hannu.

"Allah ya yi albarka, Babba," ta ce. "Katakon ma mai kyau ne."

Ya rataye hoton a ɗakinta, ya koma shago.

Ba a yi wata guda ba Auta ya zo ya ce lallai sai Inna ta ga ɗakin da suka haɗa a garejin wani abokinsu. Yaya ya ce wahalar da tsohuwa kawai za a yi, amma shi ne dai ya tuƙa su. Ɗaki ne ɗan ƙarami, babu komai sai benci. Auta ya rufe ƙofa, ya taɓa wani abu, sai bangon gaba ya fara ja a hankali, kamar garwashi in an hura shi, daga nan ya juye ruwan hoda, ya gangara shuɗi. Yaya yana tsaye yana ƙirga kurakurai: ga sawun rola, ga kusurwa ta fito ƙiri-ƙiri, ga tsagar filasta. Sai ya ji Inna ta miƙe.

"Auta! Shuɗi ne! Wallahi shuɗi ne, irin na zanen da na sa ranar da aka sallamo ni da kai daga asibiti. Kai, kai, kai. Bar shi haka, kar ka canza."

Tana dariya hawaye na zuba. Ta lalubo kan Auta ta riƙe da hannu biyu, ƙato da gemunsa, tana cewa shekara uku rabonta da ganin abu sosai sai yau. A hanyar dawowa ita da Auta suna ta zuba a kujerar baya, shi kuwa har suka isa gida sai hon yake ta danna wa mutanen da ba su yi masa komai ba.

Daga ranar nan abin ya shiga cin sa. Jarida ta buga hoton Auta tsaye a cikin jan haske. Mai ɗinkin kujeru ya yanko shafin ya kawo masa da murna, yana cewa, "Ashe ƙaninka babban mutum ne!" Yaya ya yi dariyar yaƙe ya karɓa, da mutumin ya fita ya shimfiɗa takardar ya ɗora gwangwanin fenti a kai. Wata mata ta zo a zana mata mijinta, da ta ji ko shi wane ne sai ta manta da abin da ya kawo ta, ta hau tambayar yaushe 'Yan Haske za su sake buɗe ɗaki. Ko a gida bai tsira ba. Inna ta mayar da labarin shuɗin nan abin ba kowane baƙo, kuma kullum sai ta ƙara masa gishiri.

Matarsa ta lura. Wata rana tana ninke kaya ta ce, "Wai me Auta ya yi maka ne? Da an ambace shi sai ka haɗe rai."

"Ni? Me zai yi mini? Yaron da ko da'ira bai iya zanawa ba."

"Ai shi ya sa na tambaya," ta ce, ta ci gaba da ninkinta.

Sai ga babbar dama ta samu. Masu wani zauren nune-nune suka ba 'Yan Haske tsohon sito, dogo, mai rufi sama sosai, suka ce su yi abin da suka ga dama na wata biyu. Sauran huɗun suka raba ƙananan ɗakuna, aka bar wa Auta babban. Ya zo shago da takarda a naɗe, ya ture kwalabe ya baza ta a tebur.

"So nake mutum ya shiga ya rasa inda bango yake. Ba kusurwa, ba layi, ba inuwa. Ya ji kamar a cikin launin yake tsaye, in ya miƙa hannu bai san ko taku ɗaya ne ko ɗari ba. Fitilun na gama da su. Amma in ido ya samu ko ɗigo ɗaya da zai kama, shi ke nan, ya gane bango ne, komai ya rushe. Yaya, duk garin nan ba wanda zai iya yi mini bangon nan sai kai."

Maganar ta yi wa Yaya daɗi, kuma daɗin ya ba shi haushi. Ya ce, "Wato ni ne mai shafe."

"Kai ne mai komai. Don Allah, Yaya."

Ya je. Kuma maganar gaskiya, bai taɓa aiki irin wannan ba. Shi da magina biyu suka cike kowace kusurwa da filasta suka lanƙwasa ta, har ƙasa ta hau bango, bango ya hau rufi, ba a ganin inda ɗaya ya ƙare, kamar cikin ƙwai. Ya bi da samfefa yana gogewa, yana rufe ido yana shafawa da tafin hannu. Ya haɗa farin da kansa, fentin ruwa marar sheƙi ko kaɗan, ya yi shafe biyar, kowanne sai ya bushe sarai. Kwana tara yana fita da farin gashi kamar ya tsufa a yini ɗaya. A kwanakin nan har ya manta da abin da ke ransa. Shi da Auta suna zama a kan bokiti su sha shayi, suna tuna yadda mahaifinsu yake zagin rola in ta zubar da gashi.

Rana ta goma, da yamma, masu zauren suka zo da wata 'yar jarida su duba. Yaya yana kan tsani yana ƙarasa wani gefe. Suka kewaye Auta, suna tambaya yana amsawa. 'Yar jaridar ta ɗaga kai ta ce, "Malam mai fenti, ɗan sauko da tsanin nan mana, zai shiga hoto."

Auta ya ce, "A'a, ai yayana ne, shi ne ya..."

"Masha Allah," ta ce, ba ta ko juyo ba. "To a ɗan matsar dai."

Ya sauko, ya matsar. Suka ɗauki hotunansu, suka fita tare da Auta suna dariya, aka bar shi shi kaɗai da bokitai. Rana ta yi sanyi, haskenta yana shigowa ta ƙofar sito. A cikin jakarsa akwai ɗan gwangwanin farin fentin mai, mai sheƙi, ragowar aikin wata ƙofa. Bai zauna ya yi shawara da zuciyarsa ba. Ya zuba kaɗan a ragowar haɗinsa, ya juya, ya je bangon ƙarshe, wanda mai shigowa zai fuskanta, ya yi shafa ɗaya daidai ƙirji, faɗin buɗe hannu biyu. Ya bi gefen ya laushe shi yadda ba za a ga iyaka ba. Da ya bushe, a farin haske ko shi da ya yi sai ya yi da gaske yake gane wurin.

Ya wanke rolarsa tas, ya tafi gida, ya ɗiga wa Inna magani.

Washegari Auta ya kunna fitilunsa. Ja ya tashi, ɗakin ya narke, kusurwa ta ɓace, har magina suka yi salati. Amma da launi ya juya shuɗi sai wani ɗan ƙyalli ya taso a can gaba, mara ƙarfi, kamar numfashi a jikin gilashi. Ido kuwa yana ganinsa sai ya manne. Nan take mutum zai gane ga bango can, taku goma sha biyu, fentin fari ne aka haska.

Auta ya dafe kai. "Fitila ce," ya ce. "Akwai wadda take zubo haske ta gefe."

Ɗaya daga cikin abokansa, wani dogo mai tabarau, ya ce, "Ko dai bangon ne?"

Auta ya juyo kamar an zage shi. "Bangon Yaya? In dai Yaya ya yi bango, bango ba shi da laifi. Ku nemi wani abin."

Yaya yana tsaye a wurin. Ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Kwana uku Auta yana kwance fitilu yana mayarwa. Ya canza waya, ya canza allo, ya ƙone yatsa biyu, idonsa ya yi zuru-zuru. Ƙyallin yana nan. Ranar buɗewa ta zo a haka. Mutane suka yi layi, suka cire takalmi, suka shiga, suka fito suna cewa ba laifi. An fi daɗewa a ƙananan ɗakunan abokansa. Jarida ta rubuta cewa babban ɗakin ya yi alkawarin da bai cika ba, kuma wataƙila an yi gaggawar ɗaga Auta.

Yaya ya karanta wannan sau uku a shago. Ya jira daɗin da ya sa rai zai ji. Ya zo, ba wai bai zo ba, ɗan zaƙi kaɗan a ƙasan zuciya, amma kafin azahar ya koma masa kamar ya haɗiye tsakuwa. Ya ɗauki burushi zai ƙarasa idon wani tsoho da yake zanawa, sai ya mayar da shi cikin gwangwani bai taɓa zanen ba.

Inna mura ta hana ta zuwa buɗewa. Sai a rana ta huɗu ta ce ko ana ha-maza-ha-mata sai an kai ta. Suka je da safe kafin a fara shiga. Auta ya rame, yana ta ba ta haƙuri tun daga ƙofa, wai wannan bai kai na gareji ba. Ta ce ya yi mata shiru. Ba a yarda kowa ya taɓa bango ba, amma ita wa zai hana ta? Ta ƙi hannun kowa, ta dafa bangon tana bi a hankali, launi yana wanke ta daga ja zuwa shuɗi, tana ta sa albarka. Yaya yana biye da ita a baya. Da ta kai bangon ƙarshe sai ya ga hannunta ya tsaya. Ta koma baya kaɗan, ta shafa. Ta dawo gaba, ta shafa. Ta kai yatsun hancinta. Sannan ta ci gaba da tafiya kamar ba komai.

"Ya yi kyau, Auta," ta ce da suka fito. "Ka je ka karya, ka ji? Muryarka ma yunwa take ji."

Sai da yamma, da Yaya ya zo ɗiga mata magani, ta kwantar da kai a matashi, ya buɗe mata ido da yatsa, sannan ta ce, "Babba, shekara talatin da huɗu ina wanke kayan mai fenti. Fentin ruwa da na mai, ko a mafarki aka shafa mini sai na bambance."

Ɗigon ya sauka a kuncinta. Ya goge da auduga.

"Wataƙila magina ne suka..."

"Kar ka ƙara da ƙarya. Magina ba su iya ɓoye gefe haka ba. Hannun ubanka ne a wurin, kuma mutum ɗaya ya bar wa hannun."

Ya zauna a bakin gado, kwalbar magani a hannunsa. Ya so ya yi shiru, amma abin da ya daɗe yana dannewa ya taso da kansa.

"Wata huɗu na yi ina zana Baba, Inna. Wata huɗu. Kika ce katako mai kyau ne. Shi kuwa ya kunna ƙwan fitila kika yi kuka. Ni ke kai ki asibiti, ni ke nan safe da yamma, amma duk wanda ya shigo gidan nan labarin Auta zai ji. Shekara ashirin da shida ina wannan aiki, ko sau ɗaya ba a taɓa buga sunana a ko'ina ba. Mai fenti, matsar da tsani. Shi ke nan abin da na zama."

Muryarsa ta karye, ya ji kunya, mutum mai furfura a gemu. Inna ta tashi zaune.

"To me kake so in ce? In ce na ga ubanku alhali ban gan shi ba? Ka fi kowa sanin abin da likita ya faɗa. Na tsaya gaban hoton nan ina ta roƙon idona ya ba ni ko girarsa, ya hana. Abin da hannuna ya iya gani shi na yaba. Kai ka tafi da fushinka, ni na kwana da nawa baƙin cikin, ba wanda ya tambayi wani." Ta numfasa. "Shi kuma wancan, kullum ina labarinsa don labarin nake da shi. Kai ai kana nan. Wanda yake riƙe da hannunka ba ka ba da labarinsa, riƙe shi kake yi. In na yi kuskure a nan, na yi. Amma yaron nan ya ƙone yatsunsa yana neman laifin kansa, kana tsaye kana kallo."

"Zan gyara ba tare da ya sani ba."

"Za ka gyara, kuma zai sani. Daga bakinka. Ni ba zan faɗa masa ba, ba kuma zan mutu in bar ku da wannan a tsakani ba. Ɗiga mini ɗayan idon."

Washegari da sassafe ya sami Auta a sito, yana zaune a ƙasa cikin wayoyi. Yaya ya ajiye bokiti da samfefa. Bai yi doguwar shimfiɗa ba.

"Ba fitila ba ce. Bangon ne. Na sa fentin mai a tsakiya."

Auta ya yi dariya. "Haba Yaya, kai da kuskure? Gwangwani ne ya ruɗe maka?"

"Ba kuskure ba ne."

Dariyar ta tsaya a fuskarsa ta ɗan jima kafin ta gane ba wurinta ba ne. Ya dubi yatsunsa da ke naɗe da bandeji, ya dubi yayansa. Yaya ya shirya wa ihu, ya shirya wa zagi, har so yake a zage shi. Auta bai ɗaga murya ba.

"Da ka ce mini ba za ka yi ba, Yaya. Da na nemi wani, ya yi mini aikin banza, in san na banza ne. Har faɗa na yi da abokina a kanka."

"Na sani. Ina wurin."

"Me na yi maka?"

"Ba ka yi komai ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan."

Auta ya tashi ya fita. Yaya ya ɗauka ba zai dawo ba, sai ga shi da takarda ya manna a ƙofa cewa an rufe babban ɗaki kwana biyu don gyara. Ga masu zauren da abokansa ya ce an sami matsala a fenti, bai ƙara ko kalma ba. Yaya ya kankare wurin har filasta, ya sake shafe biyar. Auta yana miƙo masa abin da ya nema, amma ba a sha shayi a kan bokiti ba.

Da aka gama, Auta ya ce, "Shiga ka gani. Kai ka fara."

Ya cire takalmi ya shiga, aka rufe ƙofa. Ja ya taso, ya koma ruwan hoda, ya gangara shuɗi. Yaya ya san ɗakin nan taku-taku, shi ya goge kowane tafin hannu na bangonsa. Ya nemi bangon ya rasa. Babu gaba, babu sama, launi ne kawai ya cika masa ido har ya ji kamar yana shaƙarsa. Da ya rufe ido sai ya ga ruwan lemo yana yawo a cikin duhun kansa, launin da ba a kunna ba. Ya miƙa hannu yana lalube kamar makaho, shi da ya yi rantsuwa ba abin da ke ciki sai ƙwan fitila. Abin yana da kyau, kyau na gaske, kuma ƙaninsa ne ya hango shi tun babu shi. Wannan ya fi jaridar ciwo.

Ya fito ya ce, "Ya yi."

"Na gode," Auta ya ce, yana naɗe waya, bai ɗago ba.

Sati bai cika ba layi ya kai bakin titi. Jaridar da ta kushe ta dawo ta yaba. Kafin wata biyun su ƙare aka gayyaci Auta wata ƙasa ya haɗa irin ɗakin, ya tafi da wani mai fenti, matashi, wanda Yaya ya san aikinsa kuma ya san bai kai ba. Ba wanda ya yi masa bayani, shi ma bai nema ba. Yakan kira Inna duk mako, su gaisa da Yaya a taƙaice, lafiya lau, ya aiki, ga Inna.

Ƙyashin bai bar shi ba. In ya ga hoton Auta a waya har yanzu sai ya yi saurin kife ta. Bambancin kawai yanzu ya san sunan abin, ya daina ce masa ciwon kai ko gajiya.

Bayan wata biyar, wata ranar Talata da hantsi, yana shago yana zana wata mata da jikarta, waya ta yi ƙara. Auta ne, kuma ba Inna yake nema ba.

"Yaya, kana da minti biyu? Bangon nan na nan yana da danshi, mun yi shafe uku yana ta yin dabbare-dabbare. Mutumin nan ya rasa yadda zai yi. Saura kwana huɗu a buɗe. Me za mu sa a ƙarƙashin fentin?"

Yaya ya ajiye burushi. Ya san amsar tun kafin a gama tambayar. Ya kuma san wata amsar, mai kama da gaskiya, wadda za ta riƙe kwana goma sannan ta fara ɓarewa, ba kuma wanda zai taɓa cewa daga gare shi ne. Ta zo masa a rai sarai, bai kira ta ba. Ya tsaya yana jin numfashin ƙaninsa a waya, da ƙarar mai gilashi yana yanka a maƙwabta.

"Yaya? Kana ji?"

"Ina ji. Ku kankare ukun nan duka, kar ku ji tausayinsu. Ku kunna fanka a kan bangon yini guda. Ba ni mai fentin naka, kai ba za ka gane ba."

Aka miƙa wa matashin waya. Yaya ya ja kujera ya zauna, ya shiga yi masa bayani dalla-dalla, abin da zai fara shafawa, yawan ruwan da zai zuba, da awa nawa zai jira tsakanin shafe da shafe, yana sa shi yana maimaitawa har sai da ya tabbata ya riƙe.